Lodin Yola da Ungulun Rigacikun

Ranaku da yawa na aiki sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da wata Laraba a tsakiyar bazara ba, shekara biyu bayan an koma tuƙin hannun dama. A lokacin ni kyaftin ne a wani ƙaramin kamfanin jigilar kaya da ke tsohon filin jirgin Kaduna. Jirage biyu gare mu, tsofaffi, masu farfela bibbiyu. Ga wanda bai san aikin ba, kyaftin shi ne mai kujerar hagu, kuma duk abin da ya sami jirgi daga tashi zuwa sauka a wuyansa yake. Kafin a tashi akan kawo masa takardar lodi, mai nuna nauyin kaya da na mai. Da ya sa hannu, ya ɗauki alhaki ke nan.

Ran nan Yola za mu, da injin wutar lantarki a cikin ƙaton akwati da buhunan taki. Da hantsi ya kamata mu tashi, amma motar kayan ba ta iso ba sai bayan azahar, rana ta take. Ina cikin duba takarda sai Malam Garba, shugaban masu lodi, wani Bakatsine mai ƙarancin magana, ya matso kusa da ni kamar zai gyara igiya.

"Ranka ya daɗe, ni dai ban yi boko ba, amma kafaɗata ta san nauyi," in ji shi. "Akwatin nan mu takwas ya gagara, sai da muka sa ƙarafa muka gangara da shi. Abin da ke takardar nan ba shi ne a cikin jirgi ba."

Na sa aka sauke komai aka sake awo. Gaskiyar Malam Garba ce, lodi ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. A irin wannan zafi iska ba ta da ƙarfin ɗaukar jirgi, sai ya ci titin tashi mai tsawo kafin ya ɗaga. In kuwa inji ɗaya ya mutu a daidai tashi, ɗayan ba zai iya riƙe jirgi mai wannan nauyi ba. A ƙarshen titin akwai itatuwa, bayansu kuma gidajen mutane.

Ba a jima ba manajanmu, Alhaji Ɗanlami, ya iso har gindin jirgi da motarsa.

"Kyaftin Sule, me ake jira?"

"Yallaɓai, lodi ya yi yawa. Ko a rage buhunan mu tashi yanzu, ko a raba kayan sawu biyu. Gobe da sassafe sai in kai ragowar."

"Mai kayan nan babban mutum ne, na yi masa alkawarin yau komai zai isa. Sa hannu ku tafi."

"Ba zan sa hannu a kan wannan nauyi ba."

Ya dube ni, ya dubi leburorin da suka yi cirko-cirko suna jinmu. Na san da a ofis muke mu biyu, wataƙila da mun daidaita. Amma a gaban jama'a aka yi, kuma shi ba mutumin da ke janye magana ba ne.

"Kai kaɗai ne matuƙi a ƙasar nan?" Ya juya ya aika a kira ɗaya kyaftin ɗin na kamfaninmu.

Ina tsaye a bakin rumfar kanikawa aka mayar da kaya duka. Jirgi ya kama gudu. Ya wuce inda muka saba ɗagawa bai ɗaga ba. Ya ci gaba, ya ci gaba, ni kuwa ina ta salati. Sai dab da ƙarshen titi ya bar ƙasa, ya wuce kan itatuwan nan kamar zai shafe su. Kafin magariba aka buga waya cewa sun sauka Yola lafiya. Washegari aka miƙo mini takardar sallama, an rubuta ƙin bin umarni.

Na koma gidan da muke haya a Abakpa na ba matata Hajara takardar. Ta karanta, ta ninke, ta ce, "Baban Amina, gara takarda ta shigo gidan nan da a shigo mini da gaisuwar mutuwa." Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

A waje kuwa zance ya bazu cewa Sule ya tsorata, jirgin da ya ƙi ai wani ya kai shi lafiya lau. Matuƙa ba su da yawa a lokacin, kowa ya san kowa. Na rubuta takardun neman aiki Kano da Ikko, shiru. Wuri ɗaya da aka kira ni, da jin sunan kamfanin da na baro, sai aka ce a bar musu adireshi. Abin da ya fi damuna lasisi ne. Matuƙi in ya daɗe bai tashi ba, izininsa kan faɗi, sai ya sake gwaji, kuma gwaji sai da jirgi. Ni ko ba ni da jirgi. Bazara ta wuce, damina ta kankama, ina zaune a ƙofar gida. In na ji ƙugin jirgi ba na ɗaga kai, don maƙwabta kan zuba mini ido su ga yadda zan yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Malam Garba a kan kekensa. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

"Ranka ya daɗe, akwai wasu masu feshin auduga da tsuntsayen jan-baki da suka kama rumfar can gefe. Babban matuƙinsu wani dattijon Ba'indiye ne, Mai-rawani muke ce masa. Matuƙi ɗaya ya gudu ya bar su. Na ce masa na san wani. Ya ce ka zo gobe."

Feshi ba aikina ba ne. Mai jigilar kaya can sama yake tafiya, ƙasa tana nesa da shi. Mai feshi kuwa a tsayin bishiya yake yini, cikin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, yana kauce wa itatuwan kuka da wayoyin tangaraho. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mai-rawani bai tambaye ni komai ba. Ya duba lasisina da littafin awoyin tashina, ya nuna mini wani ƙaramin jirgi mai kujeru biyu a jere, kowace da sitiyarinta. Na zauna hagu, ya zauna dama. Muka tashi muka yi arewa, wajen gonakin Rigacikun. Ya ce in sauko. Na sauko. Ya ce in ƙara. Na ƙara, har ina ganin manoma suna dafe huluna. Gumi ya jiƙa mini riga.

"Har yanzu kana sama," in ji shi da Turanci. "Saki, in nuna maka."

Na saki, ya karɓa. Ya kwantar da jirgin a kan wata gonar dawa har ganye yana kaɗawa a bayanmu. A ƙarshen gonar ya ja sama don ya tsallake wata ɗorawa. Ashe akwai mushe a bayanta. Ungulaye suka tashi gaba ɗaya. Na ga ɗaya ta cika gilashin gabansa, sai ƙara kamar an harba bindiga.

Gilashi ya tarwatse. Iska ta shigo da ƙarfi, ga gashin tsuntsu, ga jini ko'ina. Dattijon ya kife a kan sitiyari, nauyinsa ya danna hancin jirgi ƙasa. Da na ɗago ido, ba abin da nake gani sai jar ƙasa tana taho mini. Na ja sitiyarina, ya ƙi, don jikinsa ya tokare nasa. Na sa hannun dama na cafi wuyan rigarsa na fizgo shi baya, na ja da hagu iya ƙarfina. Na ji tayoyi sun taɓa kan dawa kafin jirgi ya yarda ya ɗaga.

Na juya kudu. Hannuna ɗaya yana riƙe da shi kada ya sake kifewa, ɗaya yana tuƙi. In zan taɓa maƙurar mai, wato abin ƙara wa inji wuta ko rage ta, sai in tokare dattijon da kafaɗa. Idona na hawaye saboda iska, da ƙyar nake gani. Na'urar magana ta fice daga kaina, ba halin kiran hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka. A ƙa'ida, in rediyo ya mutu, sai ka zo saitin hasumiya ka kaɗa fukafukai, su kuma su amsa da fitila. Na kaɗa. Ban ga komai ba. Ga wani babban jirgi a bakin titi yana shirin shiga. Na zagayo na sake kaɗawa, dattijon yana nishi, jini yana bin gemunsa. Sai na ga babban jirgin ya tsaya cak, koren haske ya bayyana.

Saukar ba ta yi kyau ba. Jirgi ya buga ƙasa ya yi tsalle sau biyu kafin ya zauna. Amma ya zauna. Motar kwana-kwana da ta asibiti suka iso, aka fitar da shi. Ni kuwa sai da wani bakanike ya ɓamɓare yatsuna daga sitiyari.

Bayan kwana uku na je duba shi a asibiti. An naɗe masa rabin fuska, amma likita ya ce idon zai tsira. Ya nuna mini kujera.

"Me ya sa aka kore ka?"

Na gaya masa duka.

"Jirgin ya faɗi?"

"A'a, ya isa lafiya."

"Kana nadama?"

Na ce, "Wasu ranakun nakan yi."

Ya yi dariya har ɗinkin ya dame shi. "Da ka ce a'a, da ban yarda da kai ba. Ka zo ran Litinin. Amma har yanzu ba ka iya tashi ƙasa-ƙasa ba, sai na koya maka."

Shekara shida na yi ina feshi tare da shi, daga gonakin Funtuwa har bakin Tafkin Cadi, kafin in koma manyan jirage.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ga abin da nake so ku riƙe. Kamfanin da ya kore ni bai taɓa yin hatsari ba har ya rufe, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini, Sule, kai ne da gaskiya. A wannan sana'a, ranar da ka ƙi tashi, yawanci ba abin da zai faru da zai wanke ka. Za ka koma gida ne da sunan matsoraci, kuma dole ka iya zama da shi. Sannan ku riƙa gaisawa da masu lodi da kanikawa, ku saurare su in sun matso kusa. Su ba sa hawa jirgin, amma sun fi manaja sanin abin da ke cikinsa.