Sammacin da Na Bar wa Fatoma

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da Malam Ɗahiru ya tsayar da ni a gaban jama'a ba. Lokacin ina mai kai sammaci a kwamitin shari'a na unguwarmu a Agege, shi kuma yana shugabanta.

Wata mata, Hajara, ta nemi a raba aurenta da Ilu, mai fataucin shanu, wanda ya bar ta shekara biyu ba ci, ba sha, ba aike. Ku sababbin masu kai sammaci, ku riƙe ƙa'idar: ana kai wa miji sammaci sau uku, hannu da hannu. In ya ƙi zuwa, a saurari shaidun matar, ta rantse, a yanke hukunci a bayan idonsa. Sannan a sa ranar wani zama kafin idda ta cika, ko zai bayyana da uzuri.

Sau uku ina zuwa kasuwar shanu ban same shi ba. A can kuwa, saƙon bafatake fatomansa ake ba wa, wato mai masaukinsa. Na bi al'ada, na dawo na rubuta "an kai". Aka raba auren.

Ranar zama na biyu sai ga Ilu, wai bai ga takarda ba. Malam ya dube ni.

"Garba, a hannun wa ka sa?"

"Fatomansa, Allah gafarta Malam."

"Fatoman ne mijin?"

Aka yi dariya, na ji kamar in nutse. Nan take ya soke hukuncinsa da bakinsa.

Hajara haifaffiyar Legas ce, ba ta ɓoye magana. "Abeg, Malam, saura kwana goma in gama idda, ga mai nemana yana jira. Laifin ma'aikacinku ne, ba nawa ba."

"Gaskiyarki, 'yata," in ji Malam. "Amma in kika yi aure da waccan takarda, gobe mutumin nan zai ce har yanzu ke matarsa ce, a yi ta nuna 'ya'yanki da baki. Ba zan ba ki abin da zai yage a hannunki ba."

Bai ɗage zaman ba. Ya sa aka nemo shaidu, suka maimaita komai a gaban Ilu. Ya tambaye shi me ya taɓa aikowa, Ilu ya sunkuyar da kai. Malam ya raba auren a gaban idonsa, ya sa ya dangwala hannu. Idda ta koma farko, Hajara ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

A ranar na gane cewa aikinmu duk a kan isar takarda yake, na kuma ga shugaban da bai ji kunyar warware hukuncinsa ba. Tun daga nan nake girmama Malam fiye da da.

Bayan shekara biyu Hajara ta tare ni a bakin masallaci, ta miƙo mini goron sunan ɗanta in kai wa Malam.

"Hannu da hannu fa, Malam Garba," ta ce. "Ban da fatoma."