Ranar da Na Sa Buzu Ya Kwance Rawani

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe ranar da rana ta mutu da hantsi a Shinkafi ba.

A lokacin ni wanzami ne, ina da rumfa a bakin kasuwa. Aska tana son kai ya tsaya wuri ɗaya, ni kuwa na gano ba abin da ke tsayar da kan mutum kamar labarin tsoro. Sai na zama gwanin ƙirƙira. Wanda ya fi karɓuwa shi ne na wata halitta da na ce tana kwance ƙarƙashin yashin hamada tun kafin a shimfiɗa ƙasa. Ba ido, ba hanci, sai baki. Duniyar nan da mu da gonakinmu a wurinta kamar ƙwayar gero ce, ba ta ma san muna nan ba. Ranar da ta farka, rana za ta fara haɗiyewa.

Da nan na tsaya, da sauƙi. To akwai wani dattijon Buzu mai kawo gishiri da dabino, yana ɗaure raƙumansa daura da rumfata. Bai taɓa buɗe bakinsa gaban mutane ba, ko shayi ta ƙarƙashin rawani yake sha, domin a wurinsu bayyana baki abin kunya ne. Ni kuwa sai na ƙara wa miyar gishiri. Na ce Buzaye bayin halittar ne, sun ba ta bakunansu, ƙarƙashin rawanin nan ba komai sai fata sumul. Aka yi ta dariya. Bai taɓa tsare mini komai ba, wani lokaci ma har dabino yake aiko mini. Baƙo ne kawai, kuma fatarsa ba irin tamu ba.

Ran nan ina cikin yi wa wani mahauci aski, na gama gefe ɗaya ke nan, sai haske ya fara yin rawaya. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, taurari suka fito tsakar sama. An ce an yi ta sanarwar husufi a rediyo, amma wa ya tuna? Ni da na ƙera ƙaryar da bakina, sai ga ni ina tunanin ko gaskiya na faɗa ban sani ba.

Mahaucin nan ya zabura da rabin kai a aske, ya nufi Buzu, mutane suka bi shi da sanduna. Suna cewa ya kwance rawani ko ya maido da rana. Nan dariya ta ƙare mini. Na kutsa tsakiya ina rantsuwa cewa ni na ƙaga labarin. Mahaucin ya nuna sama ya ce, "Wanzam, wannan ma kai ka ƙaga?"

Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa hannu a hankali ya sauke rawanin. Ga baki kamar na kowa, har da giɓi. Ya juyo gare ni ya ce, "Ga shi, maƙwabci. Ni na buɗe nawa. Kai yaushe za ka rufe naka?"

Bai gama mayar da rawanin ba gefen rana ya leƙo. Liman ya kira sallar husufi, kowa ya sulale, mahauci ya bi sahu da rabin gashinsa. Shi kuwa dattijon ya ɗaure kayansa ya kaɗa raƙuma. Na yi shekara da shekaru ina duban gurbin da yake ɗaure raƙumansa, bai sake dawowa ba.

Har yau jikokina na roƙona labarin tsoro, kuma ina ba su, da dodanni iya son ransu. Sai dai na koyi abu guda: dodo ya tsaya a dodonsa, kada ka ara masa fuskar maƙwabcinka.