Sunayen yara a jikin gorar kudaku

Shekarun baya, ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi a Ƙofar Rini, na ce bari in nuna wa yara yadda saiwa ke fita. Na sayo kudaku, wato dankalin Hausa, na yanke gorunan roba na zuba ruwa. Kowane na soka masa tsinken sakace uku don ya tsaya a bakin gora, rabinsa cikin ruwa. Ni da iyayina, har na rubuta sunan kowane yaro a jikin gorarsa, na jera a taga.

Ana haka wata ɗalibata ta kwanta zazzaɓi. Kakarta ta zo faɗa mini, sai idonta ya sauka kan sunan yarinyar, ga kudaku soke da tsinke.

"Malama, mi kinka yi ma jikata?"

Na yi bayani, ba ta saurara ba. Kafin azahar unguwa ta ɗauka wai ina yi wa yara sammu. Mai makaranta ya kira ni ya ce in zubar da su yau, ko in ajiye aiki.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce, "Yallaɓai, in na zubar na amsa laifi ke nan. Wa zai sake ba ni ɗansa a garin nan? Ba ni zubarwa. Ka ba ni mako biyu."

Ya ba ni, yana huci. Ranar na ƙara gora ɗaya, na rubuta sunana a jiki, na soka wa kudakun cikinta tsinke har huɗu. Kullum ina canza ruwa, ina leƙa ko saiwa ta fito, don ni ma a littafi kawai na taɓa ganin abin. Abokan aikina suka daina cin abinci da ni.

Yarinyar ta warke da maganin asibiti. Farar saiwa ta fito, ganye ya biyo. Kakar ta dawo ta leƙa, ta ce, "Ashe yaɗo na." Ba ta ba ni haƙuri ba, kuma iyaye uku sun riga sun cire 'ya'yansu.

Har yau abin na yi mini ciwo, amma ban yi nadama ba. Duk shekara ina yin aikin nan, kuma sunayen da manyan baƙaƙe nake rubuta su, yadda za a karanta tun daga bakin ƙofa.