Koren Zaitun a Falon Sista

Mai fenti yana tsugune a falo yana motsa bokiti da sanda, sai ya ji muryoyi sun tashi ta bayan bango.

"Fari na ce, Mama! Dillali ya ce babu ɗan hayar da zai shiga ɗaki mai duhu kamar kogo."

"To dillalin ne ya haife ka?"

"Kin faɗi a banɗaki, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Ga ɗaki can na gyara miki a gidana, jikokinki suna jira."

"Santsi ne ya kwashe ni, ba tsufa ba. Kai da ka yi tuntuɓe a bakin mota rannan, wa ya tattara maka kaya?"

Mai fenti ya ci gaba da motsawa kamar kurma. Ɗan ne ya ɗauko shi aikin, injiniya mai yawan duba agogo, ya ce a shafe gidan da fari a ba 'yan haya. Amma uwar ce ta tare shi ranar farko, ta ɗora masa ƙwayar zaitun guda a tafin hannu ta ce, "Wannan launin nake so. Kada ya yi koren ganye, kada ya yi na soja. Ya zama kamar an gauraya shi da ƙasa."

A duk layin, Sista ake ce mata. Tun tana budurwa ta shiga aikin jinya, ta yi ɗakin haihuwa, ta ƙare a ɗakin tsofaffi. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, har ya rasu ita ke riƙe da gidan. Da ta yi ritaya zama ya gagare ta. Ta duba jinin mai shago, ta wanke gyambon mai faci, ta yi wa matan layi faɗa kan gishiri. Gwiwa tana ciwo, amma ba a taɓa samun ta a kujerar da aka bar ta ba.

Babu irin launin a gwangwani, sai ya haɗa da ido: kore, rawaya, ɗan jan ƙasa, ɗigon baƙi. Ƙa'idar aikin ita ce a haɗa wanda zai ishi ɗakin gaba ɗaya, don haɗi na biyu ba ya taɓa zama ɗaya da na farko. Ya yi mata wannan bayani. Ta saurare shi da kyau, har da gyaɗa kai, sannan ta ce, "To ka riƙa haɗa na bango ɗaya-ɗaya."

Tun daga nan aikin ya ƙi ƙarewa. Bangon taga ya bushe ya yi haske, na ƙofa ya fi shi duhu, ta ce a sake. Aka sake, sai na taga ya zama bare. Da safe ta ce ya yi kore da yawa, da la'asar ta ce ya koma laka. Ta hana shi fentin ruwa mai bushewa da wuri, sai na mai, wanda ke kwana yana danƙo.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne bai ga alamar launin yana burge ta ba. Falon ya yi kyau, labulen ya fito, katakon kujeru ya yi kamar sabo, amma ita ko kallo ba ta tsayawa yi. Sai ta ja kujera nan, ta mayar can, ta kunna fitila da rana tsaka tana laluben zaren allura.

"Mama, anya kina son kalar nan kuwa?" ya tambaye ta wata rana daga kan tsani.

"Kai dai shafa, ɗan nan. Na yi rayuwata a fararen ɗakuna. Na san waɗanda ake kwantarwa a ciki, na san yadda 'ya'yansu ke yi musu addu'a da murya ƙasa-ƙasa."

Yau faɗan ya lafa da wuri. Injiniya ya fito yana huci, ya tsaya tsakiyar falo ya dubi bangon da aka gama da wanda aka kankare.

"Malam, yaushe za ka gama?"

Mai fenti ya buɗe baki zai ce jibi. Ya hango ta bayan ɗanta, ta riƙe ƙyaure da hannu biyu, ta kafe shi da ido. Bai taɓa ganin ta tsaya cak wuri ɗaya haka ba.

"Sai yadda bango ya sha, ranka ya daɗe."

"To. Ranar da aka gama, Mama, ranar zan zo da mota in ɗauke ki. Kin ji na faɗa."

"Allah ya kai mu," ta ce.

Da yamma ya wanke rolar fentinsa da kananzir, ya rufe bokiti, ya rataya jaka. Ta rako shi har bakin ƙofa tana jan ƙafa, ta leƙa titi ta tabbatar motar ɗanta ta tafi.

"Gobe kada ka yi sammako," ta ce. "Kuma ka bar rolar nan a gida. Ƙaramin burushin za ka kawo."