Ba Babur Ne Ya Karya Hannun Yemima Ba

Afiniki mai tumatir ce ta fara gaya mini labarin Yemima, a bakin kasuwar Kafanchan, tun ban san fuskar yarinyar ba. Ɗakin Yemima da mijinta yana manne da na Afiniki a unguwar Takau. Ta ce mini, "Maman zumunta, akwai wata ƴa a gidanmu, ki sa ta a addu'a, mijinta zai kashe ta." Na tambayi waye mijin. Da ta ce Azariya na gidan rediyo, na ce ta rufe baki. Ni Martina, shugabar zumuntar matan majami'armu, kowace Laraba ina jin mutumin nan yana koya wa maza yadda za su riƙe matansu. Regina, ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini.

Yemima ƴar wani ƙauye ce a bayan Kachia. Babanta Meshak manomin citta ne. Ta tashi tana yanka citta tana shanyawa, ta yi ƴar makaranta, sai aka kawo ta Kafanchan koyon ɗinki. Tana waƙa a kwaya, ƙungiyar mawaƙan majami'a. Ranar da kwayarsu ta je rediyo yin waƙar Kirsimeti, a nan Azariya ya gan ta. Babanta ya yi murna ba kaɗan ba, domin shi mutum ne da rediyo ba ya barin kafaɗarsa ko a gona. Abin da rediyo ya faɗa, a wurinsa an gama magana.

Azariya yana da wata doka a gida. In yana magana a rediyo, dole Yemima ta ajiye komai ta saurara. In ya dawo sai ya zauna ya ce, "To, me na ce yau?" In ta manta wani wuri, mari. In ta ce wuta ta ɗauke, duka da bel. Afiniki tana jin komai ta bango.

Ranar da abin ya yi muni, Yemima tana sauri ta gama ankon biki, ƙarar keken ɗinki ba ta bar ta ta ji shirin ba. Ya dawo da rana tsaka ya tambaya, ta ce ya yi haƙuri. Ya ja ta da gashi daga kan kujera, ya buga bakinta da kan keken. Ayan guga na gawayi yana gefe da wuta a ciki. Ya taka hannunta na dama a ƙasa, ya ɗaga ayan ya sauke a kai, ya sake ɗagawa ya sauke. Afiniki ta ɓalle ƙofa ta same shi yana yi. Garwashi ya zube a zanen mutane, haƙoran yarinyar suna ƙasa cikin jini. Ya wuce ta ya fita yana gyara riga.

Na je asibiti washegari. An ɗaure mata haɓa da waya, ba ta iya magana. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi, ga ƙuna a bayan hannun da siffar ayan.

Ki tuna, Regina, ba a daɗe ba wani bakanike a unguwar Aduwan ya doki matarsa. Gidan rediyon nan sun faɗi sunansa, sun faɗi layinsu, sun kai wa matar makirfon har gadon asibiti. Azariya da bakinsa ya karanta. Amma a kan Yemima abin da suka ce shi ne, "Muna jajanta wa abokin aikinmu Azariya, maiɗakinsa ta yi hatsarin babur a hanyar Kagoro."

Ƴan jaridar gidan rediyon sun zo kuwa. Sun zo da lemo da ayaba, babu mai riƙe da makirfon. Na tare ɗaya na ce, "Ɗana, dubi hannun nan. Wane babur ne yake da gawayi?" Ya ce, "Mama, magana ce ta cikin gida. Mun yi masa faɗa sosai."

Abin da ya hana ni barci shi ne Baba Meshak. Afiniki ta kira shi ta gaya masa gaskiya, ya ce, "Ƴata, na ji a rediyo, hatsari ne. In an sallame ta, ta koma ɗakinta mijinta ya yi jinyarta." Ga sallama ta kusa. In ta koma ɗakin nan, gawa za mu ɗauko.

Ran Lahadi da yamma gidan rediyon suna da filin roƙon addu'a. Kana kira kai tsaye, ka faɗi damuwarka, Malam Eli mai gabatarwa ya yi addu'a. Baba Meshak ba ya kuskure shi. Bayan sujada na tara matan zumunta a gindin mangwaro bayan majami'a, kowa da wayarta. Na ce mu kira filin, amma za su yanke mu, saboda haka duk wadda ta samu layi ta ɗora daga inda ta gabanta ta tsaya. Muka yi addu'a, na ce Ubangiji ya san ba ƙarya za mu yi ba.

Ni na fara samu.

"Salama, Mama. Daga ina?"

"Martina ce daga Kafanchan. A yi wa Yemima ƴar Meshak addu'a, matar Azariya naku. Ba babur ba ne ya..."

Ƙit. Malam Eli ya ce layi ya samu matsala. Ya ɗauki na gaba, Afiniki ce.

"Ayan guga ne, Malam. Mijinta ne, da idona na..."

Ƙit. Ya yi tari, ya ce a kira da abin da ya shafi addu'a kawai. Ta ukun tsohuwa ce, Mama Milka, muryarta a hankali. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, har ya saki jiki. Sai ta ce, "Baba Meshak, in kana ji, ka zo ka ɗauki ƴarka da ranta."

Suka sa waƙa har lokacin shirin ya ƙare. Ba a yi wa kowa addu'a ranar ba.

Da safe a labarai suka ce wasu mata sun nemi ɓata sunan gidan rediyo. Sunan Yemima bai fito ba. Azariya kuwa ya zo kasuwa da kansa. Ya shure tiren Afiniki, ya shaƙe ta, ya buga kanta da ginshiƙin rumfa har goshinta ya fashe. Matan layin tumatir suka taso masa da kujeru da itacen rumfa, suka yaga rigarsa, da ƙyar masu keke suka fizge shi. Mutane da yawa sun ɗauka a waya. Wannan ma rediyo bai gani ba.

Amma Baba Meshak ya ji shirin. Ya iso asibiti da takalmin gona a ƙafarsa. Ya ɗaga hannun a hankali ya juya shi, ya daɗe yana kallon ƙunar. Ya ce, "Yemima, babur ne?" Ta girgiza kai. Ya ce, "Shi ne?" Ta ɗaga kai alamar e. Tsohon ya zauna a ƙasan siminti. Ranar sallama shi ya ɗauke ta, daga asibiti sai tasha.

Rediyo sun ce Azariya ya tafi hutu. Bayan Ista ya dawo, yanzu shi ke karanta labaran safe. Ni in na ji muryarsa ina kashewa.

Yemima tana Kachia, ta kama ɗan shago kusa da inda ake loda citta. Yatsu biyu na dama ba sa lanƙwasa, sai ta koyi riƙe almakashi da hagu. Afiniki ta je ta gan ta watan jiya, ta ce ta koma kwaya, tana tsayawa a layin baya saboda haƙoran. Yanzu haka ankon zumuntarmu na taron shekara yana hannunta, ta ce mu ƙara mata sati ɗaya.