Takardun da ban sakar wa Haruna ba

Shekara talatin da bakwai ke nan da muka binne abokina Haruna a Greensboro ta ƙasar Amurka, har yau akwatin wasansa yana ƙarƙashin gadona.

Tare muka kama haya a unguwar Glenwood. Shi karatun digiri na biyu ya kawo shi, ni kuwa wankin mota nake yi a High Point Road. Haruna ba ya da abin so kamar wasan yaƙi na kan tebur. Yana da 'yan sojojin dalma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, shi ya yi musu fenti. Ran Lahadi sai ya shimfiɗa koren bargo, ya kafa gada da gidajen kwali, ya maimaita harin da sojojin laima masu dirowa daga jirgin sama suka kai a Yaƙin Duniya na Biyu.

A ƙa'idar wasan, kowane soja yana da 'yar takardarsa. Ana ɗaga hannu sama a sake su, inda takarda ta faɗi nan mai ita ya sauka, wani a gona, wani a kogi. Haruna ya ce in shi ya saki, hannunsa yana son kai.

"Yaya Isa, ba sai ka yi wasan ba. Sakar min takardun kawai."

"Da gemunka kana wasan 'yar tsana? Allah ya shirye ka."

Ban tsaya nan ba. A wajen cin tuwon Sallah, gaban 'yan Hausawan da muke da su a garin, na ce Haruna ya tara gumaka a ɗaki. Don a yi dariya na faɗa, aka kuwa yi. Amma daga ranar mutane suka ɗauke ƙafa daga wurinsa. Turawan makarantarsu da yake wasa da su suka gama karatu suka watse. Sai in dawo aiki in tarar ya motsa soja daga wannan kujera, ya zagaya waccan ya mayar wa kansa martani. Bai ƙara roƙona ba, har ciwon da ya kwantar da shi ya tafi da shi.

Yanzu jikokina a waya suke yaƙinsu, da mutanen da ba su taɓa gani ba. Da Haruna yana nan, na san tambayarsa: to wa ke zaune a ɗaya kujerar? Ni ma bana kujerar da ke gabana babu kowa. Uwargida ta rasu, yara sun yi nisa.

Makon jiya na buɗe akwatin. Fentin bai dushe ba. Na sami takardun a ambulan, ashe sunayenmu ya sa wa sojojinsa, har da waɗanda suka yi dariyar. Na shimfiɗa bargon, na ɗaga hannu, na saki. Kowa ya sauka a kan tebur, ban da takarda mai sunan Isa, da ta faɗa ƙasa.

Allah ya jiƙanka, Haruna. Ba ni da wanda zan tambaya abin da ƙa'ida ta ce a kan wannan.