Kwana Ukun Da Aka Yi Jinyata Ban Sani Ba

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba na jin zan manta kwana ukun da aka yi ana jinyata a gidanmu na Yakasai, dangi suna ta sintirin dubiya, ni kuwa lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Abin takaicin ma, ni ce ta ƙarshe a unguwar da ta samu labarin cewa na kusa mutuwa.

Lokacin ina 'yar shekara sha shida, ina aji biyar na sakandare, kuma ba abin da ya dame ni a duniya sai littattafan soyayya. A shekarar wani yayi ya shigo, duk littafin da ya amsa sunansa sai ka tarar yarinyar cikinsa tana ɗauke da ciwon da ba ya jin magani, saurayinta yana bakin gado yana rantsuwa ba zai ƙara kallon wata ba. Mu a ajinmu da hawaye muke auna littafi. In aka miƙo miki sabo, tambayar farko ita ce, "Kin yi kuka?" In aka ce a'a, ko buɗe shi ba ma yi. Akwai wani ɗan shagon hayar littattafai a kan hanyar gidan malamin da ke yi mana lesin yamma. Tun ranar da na gano shagon nan malamin bai ƙara sa ni a ido ba. Sai in samu benci in zauna in karanta, in dawo gida ido jajir kamar an watsa mini barkono.

Da karatun ya yi yawa sai na ga ai ni ma zan iya. Na samu littafin rubutu mai kauri, na rubuta Bayoloji da manyan baƙaƙe a bangonsa don kada malamai su ƙwace. Na tsara labarin kamar wasiƙu, yarinyar ce take magana da bakinta, kuma da yake ban gama zaɓar mata suna ba, "ni" kawai nake ta rubutawa. Gida kuwa ban wahalar da kaina ba, namu na ɗauka na saka, har bishiyar gwaibar tsakar gida da kakata mai faɗa. Na ƙago saurayi ɗan Goron Dutse, dogo, mai sanyin murya, wanda kullum yake kawo mata fure asibiti. Shafin farko har yau na haddace shi: "Umma, in kin ga takardar nan ki yafe mini. Duk yammar da na ce na tafi lesin, asibiti nake zuwa. Likita ya ce ba sauran abin yi. Alfarma ɗaya nake roƙo, kada kowa ya tambaye ni, ku bar ni in ƙarasa kwanakina cikin dariya." Ranar da na rubuta wannan sai da na yaba wa kaina.

Wajen zaɓar ciwo ne na tsaya. Ciwo ɗaya na sani ciki da waje, shi ne na ƙanena mai bi mini, wanda ciwon ƙoda ya ɗauke shekara biyu kafin nan. Tun bayan sadakar bakwai ba a ƙara ambatarsa a gidanmu ba, an ce a yi haƙuri, kowa ya haɗiye. Ni kuwa sai na kwashe abin da na gani na zuba wa yarinyata: ƙafa da ke kumbura da safe, miyar da ba gishiri, da yadda ake auna ruwan sha a ɗan kofin shayi, mara lafiya yana roƙon a ƙara masa ko kurɓi ɗaya mai sanyi. A lokacin ba abin da nake hange illa ƙawayena su yi kuka.

Sai in faɗa muku wani abu game da Ummata. Ni ce 'yar fari, ita kuwa irin matan cikin gari ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce "ke", in kuma da mutane, "yarinyar nan". Ba ta tambayata me ke damuna, ba ta yabona, ba ta zama da ni hira. Duk abin da ya shafe ni sai ta bi ta wajen Hajiya, kakata ta wajen uba, wadda a ɗakinta nake kwana. Na girma ina ɗauka Umma ba ta damu da ni ba sai in an zo wanke-wanke.

Ranar wata Asabar ina Islamiyya, Umma ta fitar da katifata shanya, littafin Bayoloji da nake ɓoyewa a ƙarƙashinta ya faɗo. Daga baya na ji yadda aka yi. Ta karanta a tsaye, ta aika gidan malamin lesin a tambayo, matarsa ta ce rabon da su gan ni an fi wata biyu. Shi ke nan, magana ta tabbata. Ga jan ido kullum, ga rama, don ni in ina karatu ko abinci mantawa nake yi. Ta kai wa Hajiya, ta karanta mata, aka buga wa Baba waya yana Legas wajen sarin kaya, ya ce kada a yi komai, yana hanya. Tambayata kuwa ba ta taso ba. Umma kunya ta ɗaure mata baki, Hajiya kuma ta ce wasiyyar mara lafiya ba a taka ta.

Na dawo na tarar an yi wanke-wanke, an yi shara, har kayan makarantata an wanke an shanya. Na ɗauki tsintsiya don kada a ce ban yi komai ba, Hajiya ta yi tsalle ta fizge kamar na ɗauki maciji. Aka kawo tuwo da tsoka uku a kai, ni da na saba da guntun ƙashi. Na kai loma ɗaya na ce, "Hajiya, yau an manta gishiri." Ta kawar da kai ta ce, "Gishiri ya yi tsada, ci haka." Can sai ta jawo ƙafata ta ɗora a cinyarta wai za ta duba lallena, ta dinga danna idon sawuna da babban yatsa tana leƙawa. Lallen nan kuwa tun na Sallah ne, ya goge tuni.

Da mai hankali ce da ta tsargu. Ni sai na yanke cewa a ƙarshe dai an gane darajata a gidan nan. Na miƙe ƙafa. Da na lura duk sanda na yi tari sai kowa ya zabura, sai na ƙara yawan tarin. Allah Ya yafe mini, har wani numfashi na koya mai ɗan sauti, irin na yarinyar littafi.

Lahadi gari na wayewa aka fara sallama. Labari a Yakasai ba ya buƙatar ƙofa, ta katanga yake bi. Mata suka dinga shigowa, kowacce da uzurinta. Wannan ta zo wucewa ne, waccan ta zo aron rariya amma ta zo da kwanon kunun gyaɗa. Su zauna su zuba mini ido, su ce, "Sannu kin ji," in ce, "Yawwa," su fita suna jan majina. Hajiya ta kawo rubutu a kwanon sha ta ce na buɗe ƙwaƙwalwa ne saboda jarrabawa, na shanye tas. Da la'asar sai ga Gwaggo, yayar Baba, tun daga Kabuga, da nonon ayaba guda da lemo. Matar nan ba ta taɓa ganina ba ta samo mini laifi ba. Ta kama hannuna ta fashe da kuka ta ce, "Ki yafe mini dukan da na yi miki ranar bikin nan, da ranar da na ce miki mai ƙafar yawo." Na bari sai da ta ji a jikinta, sannan na ce, "Ba komai Gwaggo, duniyar nawa take." Ai kuwa kukan ya ƙaru, har na tsakar gida suka kama.

Umma kaɗai ce ba ta zo kusa da ni ba. Tana madafi tana ta aiki, ta wanke tukunya ta sake wanke ta. Sau biyu na ɗaga kai na kama ta tana kallona ta tagar madafin, da mun haɗa ido sai ta sunkuya. Kwanonta na abinci yadda aka zuba haka aka ɗauke. Na gani da idona, amma hankalina yana kan ayaba.

Litinin da hantsi Baba ya iso, fuska duk ta faɗa, ko wanka bai yi ba ya ce a samo adaidaita. Dama tun da safe an ce kada in sa kayan makaranta, Hajiya zan raka asibiti, ƙafarta ke ciwo. Tsakar gida cike da mata, ina ɗaura ɗankwali, sai Hajiya ta kasa daurewa. Ta ce, "Ni fa ba ciwon zan tambaya ba, an ce kada a tambaya. Amma shi yaron nan na Goron Dutse, ɗan gidan wane ne?"

Na ce, "Wane yaro?"

Ta ce, "Dogon nan mai kawo miki ciyawa asibiti. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ba lemo, ba madara, sai fure? Akuya ce ke? Kuma in ɗan mutunci ne, me ya hana shi zuwa ya gaida ubanki?"

Nan take tarin ya ɗauke. Na tuna littafina. Na ruga ɗaki na ɗaga katifa, wayam. Na fito kowa ya zuba mini ido, Baba yana tsaye a bakin zaure. Da muryar da ni kaina da ƙyar na ji na ce, "Labari ne. Littafi nake rubutawa."

Baba ya ce, "Likitan fa?"

Na ce, "Babu shi."

"Yaron fa?"

"Shi ma babu."

"To ina kike zuwa da yamma?"

Wannan ita ce tambayar da na gwammace a ce ciwon gaske ne da ita. Na faɗi gaskiya. Sai wata maƙwabciya ta tuntsire da dariya, gida ya ɗauka. Baba ya zauna a kan turmi yana ta hamdala, yana kuma nuna ni da yatsa, ya rasa wanda zai fara. Gwaggo, da ta kwana a gidan saboda ni, ta tashi ta ɗauki ragowar ayabarta ta ce, "Yafiyar da na nema na janye. Kuma mai ƙafar yawo, na maimaita." Hajiya kuwa ta ce ita ko a labari ne ba ta yarda da yaron nan ba.

Umma ba ta yi dariya ba. Ta ajiye mayafin da ta yafa don tafiya asibiti ta shige ɗaki. Na daɗe a bakin ƙofa kafin na bi ta, na shirya wa duka. Na same ta a bakin gado, littafin a buɗe a cinyarta, daidai shafin kofin shayi. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ni. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Ashe kina gani. Na ɗauka ke yarinya ce, ba ki lura ba." Ta shafa shafin. "Kullum sai na tuna ƙanenki yana roƙona ruwa ina hana shi. Na hana shi, kuma ya tafi. Kwana ukun nan ina ta tunanin ta yaya zan iya sake auna wa wani ruwa."

Ban san sanda na kifa kaina a cinyarta ba. Muka yi kukan da muka shekara biyu muna ɓoye wa juna. Muka yi hirarsa, yadda yake ɓoye ƙuli-ƙuli a aljihu har wanki ya jiƙa shi, yadda yake kwaikwayon tafiyar Gwaggo. Har dariya muka yi, hawaye na zuba. Duk kukan da na sha a bencin shagon nan, ranar na gane wasa nake yi.

Da muka natsu ta rufe littafin ta ce, "Ita yarinyar, mutuwa za ta yi?"

Na ce, "Eh, a shafin ƙarshe."

Ta miƙo mini ta ce, "Ba a gidan nan ba. Ki warkar da ita." Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, fuskarta ta koma yadda na san ta, ta ce, "Ke, tashi, kwanukan baƙinki suna jiranki."

Na wanke kwanukan dubiyata da hannuna, na bi gida-gida na mayar, ko'ina ana tambayata ya jiki. Na koma lesin da rakiyar Hajiya har ƙofa. Yarinyar kuma na warkar da ita, na ba ta suna, na sa saurayin ya kawo lemo. Ƙawayena suka ce littafin bai yi daɗi ba, ba wadda ta yi kuka, ban kuma damu ba.

Abin da na koya shi ne, ciwon da kake wasa da shi a takarda, wani a cikin gidanku yana ɗauke da shi a ƙirji, kuma shirun uwa ba rashin so ba ne. Umma ba ta ƙara kiran sunana ba har yau, ga ni da 'ya'yana, ni ce dai "ke". Amma sau ɗayan nan ya ishe ni. Kuma tun daga ranar, duk abin da zan rubuta, sai na fara sa "ƙagaggen labari" a bangonsa da jan biro.